Masar Jibin Inna Delu

Zarni ne ke fara tarbar mutum a gidan Inna Delu, tun bai kai ga yin sallama ba. Da bazara, in rana ta take, har ɗakina yake shigowa, domin katanga ɗaya ce tsakaninmu, ita ma gajeruwa. Na zo Filinge ne bayan na gama jami'a a Yamai, aka turo ni koyar da kimiyyar halittu a kwaleji. Fasto Na'Allah, wanda ke riƙe da ƙaramar majami'armu, shi ya samo mini ɗakin. Ya ce gara baƙuwar yarinya ta zauna inda akwai babba mai sa mata ido. A lokacin gidan ba ya wari. Ƙamshin man gyaɗa ne kawai da hayaƙin kara.

Inna Delu ƴar Kurfai ce gaba da baya, wato ƙasar da Filinge ke cikinta. An haife ta a wani ƙauye da ke kan hanyar Bonkuku, kuma ba ta san shekarunta ba. Gajeriya ce, mai faɗin kafaɗa, dugaduganta sun yi faso kamar gindin tafki a ƙarshen rani. Sana'arta toya masa a tasha, inda motocin Yamai ke lodi. Ba ta iya karatu ba. Abin da ta sani na Maganar Allah a kai take riƙe da shi, wani ta ji a sujadar majami'a, wani a ƴar rediyonta da ta ɗaure murfin batirinta da tsumma.

Mijinta Musa mai ginar rijiya ne. Wata shekara ƙasa ta rufto masa a ƙafa, aka kai shi wani asibitin mishan can gabas, ya yi wata biyar. Ya dawo da ɗingishi da sabon addini. Ta ba ni labarin da bakinta, tana dariya, cewa shekara huɗu ta yi tana ware masa kwano. Ta ɗaura wa kwanon zare ja a kunne don kada ya haɗu da sauran, kuma in ya gama ci da toka take cuɗa shi. Musa kuwa a da mutum ne da in tuwo ya huce sai unguwa ta ji muryarsa. Amma a shekarun nan huɗu bai ce mata uffan a kan kwanon ba. Daga baya ma shi yake wanke kwanon da kansa, ya kife shi a inda take so, nesa da nata. Ta ce ba wa'azi ne ya kama ta ba. Kwanon nan ne, da take gani kife a gindin rumbu kullum safiya. Aka yi mata baftisma a tafki cikin damina, kwaɗi na tsalle a gefe.

Sai ita ma aka ware mata nata. Ƴan'uwanta suka daina cin girkinta. Yayanta Tahiru, wanda ya goya ta tana ƙarama, in ya zo kasuwa sai ya bi ta wata hanya don kada ya wuce ta gaban tandarta. Sai da Musa ya rasu Tahiru ya zo gaisuwa, ya zauna a tabarma, ta ajiye masa fura, ya daɗe yana kallon ƙwaryar, sannan ya sha. Tun daga nan duk sanda ya shigo gari da amalankensa sai ya biyo, ya ci, ya yi sallarsa a gindin bedi, wato dogon yaro, da ke tsakar gida, ya tsokane ta da sunan da ya laƙaba mata, Annasarar Kurfai. Ita kuma ta ce masa Liman marar jam'i.

Majami'armu ɗaki ɗaya ce mai rufin kwano. Ba mu fi mutum talatin ba, kuma kusan dukanmu aiki ne ya kawo mu: malaman makaranta, jandarma biyu da iyalansu, magina daga Benin, ma'aikatan ƙungiyoyi. Wasu su zo, wasu a ɗauke su. Inna Delu kaɗai ce aka haifa a ƙasar nan, ita kaɗai ce kuma ba ta taɓa tafiya ba. Ba ta waƙa a gaba, ba ta karanta aya, ba a sa ta addu'a in akwai baƙi saboda takan yi tsawo ta shiga zancen awakinta. Aiki biyu take da su. Ranar Litinin takan share ɗakin. Sannan Lahadin farko ta kowane wata, da ranar Alhamis ta makon Faska, wato Ista, ita ke kawo abin da ake karyawa a Jibin Ubangiji.

A wurinmu ba burodi ake karyawa ba, masa ce, kuma zoborodo ake zubawa a ƴan kofuna. Faston farko ne ya tsara haka shekara goma sha tara da suka wuce, lokacin burodi sai an kawo daga nesa. Ya ce wa Delu ta yi abin da ta iya. Ta mai da abin wata ƙa'ida tata. Kowace kaka, damin hatsi na farko da aka ɗaure a gonar da Musa ya bar mata, takan keɓe shi a saman rumbu, ba a taɓa shi ko da tuwon gida ya yanke. Daga nan take ɗibar na Jibi. Ita ke surfe, ita ke daka, ba ta kaiwa inji. Ba ta barin ƙullin ya kwana ya yi tsami, ba ta sa sukari. Kuma tana da tanda dabam, ƙarama mai gurbi bakwai, wadda ba ta taɓa zuwa tasha ba. A naɗe take cikin tsohuwar rigar Musa. Masar kan fito fari-fari, ba wani daɗi, sai ɗanɗanon hatsi zalla. Duk wanda ya zauna a Filinge cikinmu, in ya koma garinsu, wannan masa ce yake tambaya.

Habsatu ta shigo gidan a ƙarshen daminar bara. Daga wani ƙauye take a ƙasar Tondikandiya, ta fi jin Zabarmanci a kan Hausa, shekarunta ba su wuce talatin ba. Naƙuda ta kwana uku ta yi, ɗan bai zo da rai ba, ita kuma ta tashi da yoyon fitsari. Mijinta yana ci-rani a bakin teku. Ƙaninta ya kawo ta tashar Filinge ya sa ta a mota zuwa Yamai, ya ce ta nemi inda ake ɗinke irinsu. Motar ba ta yi nisa ba fasinjoji suka fara toshe hanci, kujerar ta jiƙe, direba ya juyo da ita tasha ya sauke ta da ƙunshinta. Ta zauna a gindin katanga tun hantsi, ƙasa na jiƙewa a ƙarƙashinta, ƙuda na binta. Mutane suna zagaye ta kamar mushe. Da Inna Delu ta kwashe kayanta da la'asar, sai ta ɗora tanda a kai, ta kama hannun matar, suka taho.

Ba zan ƙawata abin ba. Kullum da safe, kafin ta fita tasha, Inna Delu kan durƙusa a gaban babban daro cike da tsummokan da Habsatu ta kwana da su. Ruwan kan koma rawaya mai kauri. Takan cuɗa da sabulun salo, ta matse, ta shanya a igiya daga bedi zuwa rumbu, ƙuda su baƙanta igiyar. Cinyoyin Habsatu sun saɓule saboda jiƙa, Inna ke wanke gyambon da ruwan ɗumi ta shafa man kaɗanya da yatsunta. Matar ta ƙi shan ruwa don yoyon ya ragu, abin da ya ƙara wa fitsarin ƙarfi, har yana sa ido hawaye. Inna kan tsaya mata a kai da moɗa, tana faɗa da guntun Zabarmancinta, sai ta shanye. Inna ce kuma ke ɗumama mata ruwan alwala. Ranar farko da na leƙa in gaishe su, na yi gaisuwar a tsaye, na koma ɗakina na yi amai a bayan ƙofa.

Na san abin da nake koya wa ɗalibai. Na ga yadda take wanke hannu har gwiwa, da toka sannan da sabulu, kafin ta taɓa ƙulli. Na san babu ƙwayar cutar da za ta tsira a cikin mai mai tafasa. Amma Lahadin farko ta Disamba, da faranti ya iso gabana na ɗauki gutsuren masa, sai idona ya kai kan farcen Inna Delu, tana zaune a bencin baya ta haɗa hannuwa. Na kai hannu baki kamar na ci, na runtse ido tare da kowa, na zura gutsuren a jakata. Bayan kwana biyar na same shi ya yi furfura a tsakanin takardun jarrabawa.

A watan da ya biyo sai na buɗe ido lokacin addu'a, na ga ba ni kaɗai ba ce. Matar wani jandarma ta naɗe nata a bakin zane. Wani malami ya saki nasa tsakanin ƙafafunsa, ya tura shi ƙarƙashin benci da takalmi, bakinsa yana motsi kamar mai tauna. Aka ce amin da ƙarfi, aka ɗauki waƙa.

Madam Saratu, wadda muke kira Tanti, ita ce shugabar zumuntar mata. Mijinta yana aiki da wata ƙungiya mai motoci farare, gidansu ne kaɗai a cikinmu mai firiji. Ba muguwa ba ce, ita ta sayi kujerun yara, ita ke kai marasa lafiya asibiti da motarsu. Amma mace ce da ke wanke tumatir da jabel, ruwan nan na kashe ƙwayoyin cuta, har sau biyu. Makonni uku kafin Faska ta kira taron mata a falonta, ta zaɓi ranar da Inna Delu ta kai Habsatu Yamai ganin likita. Aka kunna fanka, aka raba lemo mai sanyi, aka buɗe da addu'a.

Da farko ba wadda ta ambaci sunan kowa. An yi zancen tsabta, an yi zancen yara masu rauni. Wata ta ce jikinmu haikali ne, bai kamata mu zuba masa ko mene ne ba. Wata ta ce ita ko ƙofar gidan ta wuce sai ta yi wanka. Sai aka saki jiki. Matar jandarma ta kwaikwayi tafiyar Habsatu, ƙafafu a buɗe, aka yi dariya a tafin hannu. Wata ta tambaya ko matar ta karɓi Yesu ma tukuna, aka ce ina, sallarta take yi biyar, Delu ce ma ke miƙa mata buta. Madam Saratu ta girgiza kai ta ce wata bakwai ana wanke wa mutum ƙazanta, ko sujada ɗaya bai zo ba, to ina ribar? Na dubi kwalbar da ke hannuna. Lemon ya koma mini kamar ruwan daron nan, amma ban ajiye ba.

Fasto ya shigo a ƙarshe, kamar wanda ya biyo ta hanya. Mutum ne mai sanyin hali, yana tsoron rigima fiye da zunubi. Ya saurara, ya shafa gemu, ya ce lalle Inna ta tsufa, daka ta yi mata yawa, lokaci ya yi da za a hutar da ita. Kalmar ta yi wa kowa daɗi. Aka yi ta maimaita ta, a hutar da ita, a hutar da ita. Aka yanke cewa daga ranar Alhamis ta Faska burodi za a saya a gidan burodi.

Saura wanda zai gaya mata. Fasto ya ce maganar mata ce. Madam Saratu ta ce ita ba ƴar gari ba ce, in ta faɗa za a ce raini ne. Sauran suka ce Inna ta haife su, da wane ido za su dube ta. Sai duk suka juyo kaina.

"Hannatu, ke ce maƙwabciya," in ji Madam Saratu. "Kuma kin yi jami'a, kin san yadda ake jera magana. Ki lallaɓa ta."

Na ce to, Tanti.

Sau uku na shiga gidan da maganar a bakina. Karo na farko na tarar tana cire wa Habsatu ƙaya a ƙafa, suna dariya a kan wani likita a Yamai da ya yi musu Hausa kamar yana tauna tsakuwa. An ce ɗinkin sai an jira, su koma bayan damina. Na yi musu barka da dawowa na fito. Karo na biyu ta riga ni magana, ta ce hatsin bana ya yi kyau, masar Faska za ta fi ta bara fari. Na ce Allah ya kai mu. Karo na uku ranar Laraba ce da la'asar, na tsaya a bakin zaure ina jin taɓarya na sauka a turmi, tana yi tana nishi, domin kafaɗarta ta dama ta daɗe tana ciwo. Na ce a raina in bari ta gama, bai dace a tsayar da mutum a tsakiyar aiki ba. Da ta gama kuma na ce ai ta riga ta daka. A makaranta Madam Saratu ta kira ni a waya ta tambaya ko an yi, na ce ana kai. Ta ɗauka an yi.

Ranar Alhamis da safe na ji ƙamshin ta saman katanga. Na ɗauki jakata na bi ta bayan gida.

Sujadar da ƙarfe huɗu ce, rufin kwano yana zuba zafi kamar murhu. A wannan rana mukan tuna yadda Ubangiji ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun mabiyansa, mu ma mu wanke na juna. Kowace mace ta zo da ƙafa a goge da dutse, wasu da sabon lalle. Madam Saratu ta kawo sababbin robobi, da sabulu mai ƙamshi, da fararen tawul har yanzu da lanƙwasar kanti a jikinsu. Aka zauna biyu-biyu, kowa da ƙawarta. Ruwan da aka wanke ƙafa goma da shi ana iya ganin gindin roba ta cikinsa. Wata tana ɗaukar hoto da waya don a aika wa uwar majami'a a Yamai, tana cewa a ɗan sunkuya, a ɗan yi murmushi, Tanti ki gyara ɗankwali. A kan teburi kuwa ga burodi an yanka ƙanana, an jera a tire, an rufe da leda.

Inna Delu ta makara, saboda sai da ta sake wa Habsatu shimfiɗa. Ta shigo da kwanon a kai, rufe da faifai, ta sa zanenta na shuɗi da ba ta ɗaurawa sai ranar Jibi. Ƙurar hanya ta hau ƙafafunta har idon sawu. Ta bi ta tsakiya kamar yadda ta saba shekara goma sha tara, ta isa teburi, ta sauke kwanon zuwa ƙirji. A nan ta ga tiren.

Mai hoto ta sauke waya. Fasto ya dube ni, Madam Saratu ta dube ni, ni kuma na dubi robar da ke gabana. Inna ba ta dubi kowa ba. Ta tsaya kamar mai ƙirga yankan burodin, sannan ta mai da faifan da ya ɗan zame, ta juya, ta koma bencin baya, ta tura kwanon ƙarƙashi. Ba wadda ta tashi ta ce ta kawo ƙafa. An riga an zubar da ruwa, in ji wata a hankali, tawul ɗin kuma duk sun jiƙe.

Fasto ya yi wa'azi a kan tawali'u. Aka zaga da tire. Kowa ya ci, na ga maƙogwaron mutane na motsi da gaske a karon farko cikin watanni. Da ya iso bencin baya Inna ta miƙa hannu biyu ta karɓa, ta ci, ta sha zoborodonta, ta ce amin. Aka tashi. Mutane suka yi ta gaishe ta da fara'a fiye da kullum, Inna ya gajiya, Inna ya zafi, ba wanda ya kalli ƙarƙashin bencin.

Na bi ta a baya da tazara, kamar karen da ya yi ɓarna. A gida muka tarar da Tahiru ya kawo mata kara a amalanke, yana zaune a gindin bedi yana fifita da hula. Habsatu tana can gefe a kan ledarta. Inna ta ajiye kwanon a tsakiya ta buɗe. Masa tana nan jere, ba a taɓa ko ɗaya ba.

"A'a," in ji Tahiru. "Annasarar Kurfai, yau kuma azumi kuka yi?"

Ta ce sun sami burodi.

Ya dube ta, ya dubi igiyar tsummoki, ya dubi kwanon. Dattijo ne mai saurin ganewa. Ya yi wata ƴar dariya marar daɗi ya ce ashe su ma sun iya. Ya ce shi da ya yi tasa ƙyamar aƙalla bai yi waƙa a kai ba.

Na durƙusa a gefenta. Na ce Inna, ni aka aiko in gaya miki, tun makonni uku. Na ce an ce a hutar da ke ne. Da na ji kalmar a bakina sai na ji kamar in tofar.

"Na sani, ɗiyata," ta ce. "Ba ni ke shara ba ran Litinin?"

Ta ce tun watan Disamba take tsintar su a ƙarƙashin benci. Da farko uku, sannan bakwai, a watan jiya goma sha shida. Wani da sawun takalmi a kansa. Na tambaye ta, da muryar da ni kaina da ƙyar na ji, me take yi da su.

"Mi zan yi da su? Abin da anka yi wa addu'a, in ba kaji? Hurewa nike in ci."

Na ga bencin, na ga ƙasan da yara ke tofa yawu, na ga takalmin malamin nan. Na ce to Inna, tunda kin sani, don me kika yi ta daka da wannan kafaɗa?

Ta ce ba wanda ya ce mata ta bari. Ta ce ranar da aka ba ta aikin, a gaban jama'a aka kira sunanta, Musa yana zaune, ta ce to. In za a karɓe, sai ta ɗauka za a kira ta a faɗa mata, ko da a bayan ɗaki ne. Ta ce ba ta jin haushin masu ƙyama, ita ma ta ɗaura wa kwano jan zare, ta san yadda abin yake a maƙogwaro. Sai ta gyara zaman faifan a cinyarta. Ta ce amma ita Musa ya san an ware shi, ba ta taɓa yi masa kamar tana ci tana turawa ƙarƙashin tabarma ba.

Habsatu ba ta jin Hausa sosai, amma ta ji abin da ya isa. Ta fara tattara tsummokanta tana cusawa a ƙunshi, tana magana da sauri da Zabarmanci, tana nuna hanyar tasha. Inna ta daka mata tsawa, abin da ban taɓa ji ta yi ba, ta ce ta zauna, wa zai ci wannan masa duka in ta tafi. Ta ɗebi huɗu ta sa mata a hannu. Tahiru ya yi bisimilla ya ɗauki biyu a haɗe, ya tauna, ya ce ba gishiri ba sukari, dole mutane su gudu, shekara goma sha tara ana ba su wannan ai sun yi haƙuri. Inna ta ce Liman marar jam'i ya ci ya yi shiru.

Sannan ta turo kwanon gabana. Ba ta ce in ci ba.

Iska ta juyo daga wajen igiya. Ƙuda biyu suna kan bakin kwanon. Ledar Habsatu ta jiƙe, wani siririn ruwa ya gangaro ya tsaya kusa da takalmina. Na ɗauki ɗaya. Ta huce, man ya daskare a gefenta. Na sa a baki, zarnin yana hancina, na tauna, maƙogwarona ya ƙi, na dage na haɗiye. Ta so ta dawo, na riƙe ta. Ba wanda ya yaba mini, ba wanda ma ya kalle ni. Tahiru yana ba da labarin jakinsa da ya ƙi tsallake kwalbati.

Ba a mai da mata aikin ba. Fasto ya zo bayan kwana biyu da sabon zane a leda, kyautar zumuntar mata, don godiya a kan hidimar shekaru. Ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya. Bayan mako guda na ga zanen a igiya, an yayyaga shi gida takwas, domin sabon yadi ya fi tsotse ruwa. Burodi ake karyawa har yau, kowa yana ci. Mai kawo shi daga gidan burodi a bayan babur yake ɗaurowa, a buɗe, ta cikin kasuwar dabbobi, amma wannan bai dami kowa ba.

Sauran hatsin damin farko ta sauko da shi daga saman rumbu, tana dama wa Habsatu kunu da shi, domin likita ya ce sai ta yi ƙiba kafin ɗinki. Ƙaramar tandar kuwa ta fita daga rigar Musa. Yanzu tana tasha tare da babbar, gurabenta bakwai sun yi baƙi, direbobi na cin abin da ya fito daga cikinta da yaji. Ranar Litinin da ta wuce na biya ta majami'a a hanyar makaranta, na tarar da ita a duƙe tana zura tsintsiya ƙarƙashin benci. Na tambaye ta ko akwai abin da zan kama mata. Ta ce babu, yanzu sharar ba ta da wuya, ƙura ce kawai.